Zancen zuci a kan dandamali: me O'Neill ya kawo wanda ba a taɓa yi ba?

Ɗalibar Adabi:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Mako uku ke nan ina fama da wasan kwaikwayon nan na Eugene O'Neill mai suna *Strange Interlude*, wanda aka fara nunawa a birnin New York a watan Janairun 1928, kuma akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun ina kashi na biyu, har na kai ƙarshe ba ta sake ni ba.

Ga wanda bai taɓa karanta shi ba, wasa ne mai kashi tara da ya bi rayuwar wata mace, Nina Leeds, ta tsawon shekara 25 ko kusa da haka. Saurayinta Gordon, matuƙin jirgin yaƙi, ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su kai ga aure ba, domin mahaifinta ne ya sa baki aka jinkirta auren. Daga nan rayuwarta ta sarƙe da ta maza uku: Sam Evans da ta aura, da likita Darrell wanda shi ne ainihin uban ɗanta, da marubuci Marsden, aminin mahaifinta, wanda ya daɗe yana ɗauke da sonta bai iya furtawa ba. Abin da ya sa wasan ya yi suna shi ne, sau da yawa idan mutum ya faɗi magana a fili sai a biyo ta da abin da yake saƙawa a ransa, kuma ɗan wasan ne zai furta wannan saƙar da bakinsa, 'yan kallo suna ji, sauran mutanen da ke kan dandamali kuwa a ɗauka ba su ji komai ba.

Masu sharhi suna kiran wannan sabuwar dabara, suna jingina ta da zamanancin da ya mamaye adabin Turai da Amurka a farkon ƙarni na 20. Ni kuwa na kasa ganin sabuntarta. A wasannin marubucin Ingila William Shakespeare, Hamlet yana tsayawa shi kaɗai ya zayyana abin da ke cin ransa, Iago yana juyowa ya kwance wa 'yan kallo makircinsa, kuma an rubuta waɗannan fiye da shekara 300 kafin O'Neill. To, mene ne bambancin?

Tambayata ta biyu ta fi damuna. A bugun da ke hannuna an rubuta zancen zucin da ƙananan haruffa, saboda haka idona yana rarrabe shi da maganar baki ba tare da wahala ba. A kan dandamali kuwa baki ɗaya ne, murya ɗaya ce. Idan tunani ya fito ta baki har kunne ya ji shi, ai ya tashi daga tunani ya koma magana. Ina so waɗanda suka nazarci wannan fanni, ko suka taɓa gwada shi da 'yan wasa, su faɗa mini ko abin yana yiwuwa da gaske, ko kuwa dabara ce da ta fi kyau a takarda.

Malamin Nazari:

Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi tambaya mai kyau, kuma shakkar da kike yi tana da tushe, domin O'Neill bai ƙirƙiri fitar da abin da ke zuciya a gaban 'yan kallo ba. Sai dai tsakanin Shakespeare da shi an yi wani zamani da aka haramta wa marubuci wannan hanya, kuma ba za a gane abin da ya yi ba sai an fara da wannan haramcin.

Ki duba yadda sarki Richard na Uku yake fitowa a farkon wasan Shakespeare mai ɗauke da sunansa. Yana fuskantar mu, yana gaya mana cewa ya ƙudurta yin mugunta, yana faɗa mana wanda zai fara haɗa wa tarko. Ya san abin da yake so sarai, kuma ya ɗauke mu abokan sirri. Jimlolinsa a shirye suke, hujja tana bin hujja, kamar mai gabatar da ƙara. Wannan ita ce tsohuwar hanya: mai magana ya san kansa, kuma ya san muna wurin.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sai marubuta masu son kwaikwayon rayuwa yadda take suka ga wannan duk ƙarya ce, tunda babu mai hankalin da zai tsaya a tsakar ɗaki yana jero wa bango asirinsa. Henrik Ibsen ya yi alfahari a 1869 cewa ya kammala wasa guda ba tare da ya bar kowa ya yi magana shi kaɗai ba, kuma ba tare da wani ya juya gefe ya yi wa 'yan kallo raɗa ba. Dandamali ya zama ɗaki mai bango huɗu da aka cire masa ɗaya, mu kuma muna leƙe. Daga nan duk abin da ke cikin zuciya dole ya nemi wata ƙofa: wasiƙa, ko amini da za a buɗe wa ciki, ko shiru, ko yadda hannu ya ajiye kofi. Marubucin Rasha Anton Chekhov ya kai wannan maƙura, inda mutanensa suke hira a kan abin da bai taka kara ya karya ba alhali rayuwarsu tana rushewa a ƙarƙashin hirar.

Ana cikin haka ilimin halayyar ɗan'adam ya zo da wani labari. William James ya bayyana a 1890 cewa tunani yana gudana ne kamar ruwan kogi, ba a jere yake zuwa kamar duwatsun tsallaka rafi ba. Littafin Sigmund Freud kan fassarar mafarki, mai ɗauke da shekarar 1900, ya ƙara da cewa mafi yawan abin da ke tuƙa mutum a ɓoye yake ko ga shi kansa. Masu ƙagaggen labari ne suka fara cin moriyar wannan, domin takarda tana iya shiga kan mutum ba tare da neman izini ba: Édouard Dujardin a Faransa a 1887, Arthur Schnitzler a Ostiriya a 1900, sannan James Joyce da *Ulysses* a 1922. Marubutan wasan kwaikwayo suka tsinci kansu a tsaka mai wuya. Zamani yana cewa ainihin rikicin mutum a cikin kansa yake, ƙa'idar sana'arsu kuma tana cewa ba a nuna sai abin da ido zai gani daga waje. August Strindberg na ƙasar Suwidin ya riga ya koka da wannan tun 1888, a gabatarwar da ya rubuta wa *Miss Julie*, inda ya ce mutanensa haɗe-haɗe ne na tsumma da guntayen abubuwa, kuma ya bar hirarsu tana yawo yadda ƙwaƙwalwa take yawo. O'Neill bai ɓoye cewa Strindberg ne malaminsa ba, har ya ambace shi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel ta 1936.

Yanzu ga bambancin da kike nema. Nina da Marsden ba mu suke yi wa magana ba, ba su ma san muna zaune ba. Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, shi ne zancen zucinsu ba lallai ne ya zama gaskiya ba. Idan Iago ya juyo gare mu, abin da ya faɗa shi ne niyyarsa. Marsden kuwa a cikin ransa ma yana yaudarar kansa. Ki koma kashi na huɗu, inda yake tambayar Darrell game da ciwon cikin da ke damun mahaifiyarsa, likitan kuma ya ambaci yiwuwar ciwon daji babu rufa-rufa. Ki lura da yadda tunanin Marsden yake zabura, ya taɓo abin tsoron ya janye da sauri, ya koma jin haushin likitan, domin haushi ya fi masa sauƙin ɗauka. Muna jin mutum yana guje wa tunaninsa a cikin tunanin nasa. Wannan ne tsohon salo bai saba yi ba.

Ko a Amurka ma an riga shi. Alice Gerstenberg ta yi *Overtones*, wanda aka nuna a New York a 1915, Elmer Rice kuma a *The Adding Machine* na 1923 ya zaunar da ma'aikata biyu a ofis suna karanta lambobi suna furta abin da ke ransu, kowa yana kusa da ɗan'uwansa amma babu mai jin wani. Abin da O'Neill ya ƙara shi ne ƙarfin hali da tsawo, domin ya ɗora dabarar a kan wasa sukutum. Ana farawa da ƙarfe 5:15 na yamma, a tashi hutun cin abincin dare, a dawo a ci gaba har wajen ƙarfe 11. Duk da haka an nuna shi sau 426 a zubin farko, ya ci kyautar Pulitzer, kuma da hukumomin birnin Boston suka hana nuna shi a 1929 saboda batun zubar da ciki da cin amanar aure da ke cikinsa, sai aka kai shi garin Quincy da ke kusa, jama'a suka bi shi can.

Tambayarki ta biyu kuwa na bar wa masu aikin dandamali, sun fi ni saninta.

Mai Ba Da Umarni:

Malam, Allah ya ƙara basira, na ƙaru da bayaninka. Ƙanwata mai tambaya, ni ta biyun zan taɓa, domin na taɓa sa ɗalibai su gwada kashi na shida na wannan wasa, kuma na sha wahalar da ba na fatan maimaitawa.

Matsala ta farko ba ta mai magana ba ce, ta wanda ke tsaye kusa da shi ce. Idan Nina ta shiga zancen zuci na jimla goma, me Sam zai yi da hannayensa? Philip Moeller, wanda ya ba da umarni a nunin farko na 1928 tare da Lynn Fontanne a matsayin Nina, ya warware ta da cewa kowa ya sandare a inda yake har mai tunanin ya gama, kamar an tsayar da agogo. Mu ma haka muka fara. Yaron da ke fitowa a matsayin Sam yana cikin juya shafin jarida aka shiga tunanin Nina, ya tsaya cak da shafin a sama, hannunsa yana rawa, takardar tana kaɗawa, idonsa yana neman ƙiftawa yana hana shi. Abokansa da ke zaune suna kallo suka fashe da dariya, kuma ban ga laifinsu ba, domin babu wanda ya ji kalma ɗaya daga abin da Nina take faɗa, duk hankali yana kan jaridar. Ba mu kaɗai abin ya ba dariya ba. Ɗan wasan barkwancin Amurka Groucho Marx ya yi wa dabarar shaƙiyanci a fim ɗin *Animal Crackers* na 1930, inda yake barin matan da yake zance da su a tsaye ya matso gaba yana zuba maganganun wofi da murya mai nauyi. Sai da na hana su sandarewa a tsakiyar motsi, na ce kowa ya sami abin da ake yi a natse, kamar karatu ko ɗinki ko kallon taga, ya rage saurinsa kawai, sannan fitowar ta fara numfashi.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma a kanta nake da ƙorafi a kan O'Neill. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma sana'ar ɗan wasa gaba ɗayanta a nan take: ya ce yana farin ciki da zuwanka, fuskarsa da kafaɗarsa su gaya wa ɗan kallo cewa ya ƙosa ka tafi. Yarinyar da ta fito a Nina tana da baiwa, saboda haka tun kafin ta buɗe baki mun riga mun karanta abin da ke ranta. Sai kuma rubutun ya tilasta mata ta faɗe shi da kalmomi. An ba ɗan kallo abu ɗaya sau biyu ke nan, kuma na biyun ya fi na farkon rauni. Dole na ce mata ta daskare fuskarta, ta bar kalmomin su yi aikin, wato na hana ta abin da ta fi iyawa. Fim ɗin da aka yi daga wasan a 1932, wanda Norma Shearer da Clark Gable suka fito a ciki, ya ɗauki muryar tunanin daban ya ɗora a kan hoto, bakin 'yan wasa a rufe. Wannan ya kawar da damuwarki ta baki ɗaya da murya ɗaya, amma ya bar su suna tsaye suna murza gira suna jiran muryar ta gama.

Ba zan yi wa marubucin rashin adalci ba. A ƙarshen wannan kashi na shida akwai wurin da dabarar ta biya kuɗin sabulunta. Maza ukun suna zaune a ɗaki ɗaya, kowa ya yi shiru, Nina tana dubansu tana lissafa su a ranta, wannan miji, wannan masoyi, wannan uba, ga kuma jariri yana barci, tana jin duk ta mallake su. Babu fuskar da za ta iya faɗin wannan dalla-dalla, kuma babu wanda za ta iya gaya wa. A ranar da muka kai nan ɗakin gwajin ya yi tsit. Abin da na fahimta shi ne dabarar tana aiki idan tunanin abu ne da faɗinsa a fili zai rusa gidan, tana kuma mutuwa idan bayani ne kawai na abin da muka riga muka gani.

Don haka ni na fi son hanyar Gerstenberg da Malam ya ambata. Mata biyu ne suke shan shayi, Harriet da Margaret, kowace kuma tana da wata 'yar wasa daban lulluɓe da siririn mayafi a bayanta, Hetty da Maggie, waɗanda su ne zukatansu. Harriet ta auri mai kuɗi amma har yanzu tana son mijin Margaret, mai zanen hoto. Margaret kuwa talauci ya ci su ita da mijin, ta zo neman a ba shi aikin zane, tana nuna kamar ba su rasa komai ba. Tana yaba kayan shayin cikin natsuwa, Maggie tana bayanta tana ingiza ta ta ɗauki abin ci, domin yunwa take ji. Da yake an ba zuciya jiki nata, tana iya jan hannun riga, tana iya hararar ɗaya zuciyar, babu wanda ya sandare, kuma ɗan kallo ba ya ruɗewa. O'Neill da kansa ya koma ga wannan a *Days Without End* na 1934, inda mutum biyu suka fito a matsayin mutum ɗaya, Brian Friel na Ailan kuma ya yi haka a *Philadelphia, Here I Come!* na 1964, da Gar na fili da Gar na ɓoye.

Tsohon Ɗan Kallo:

Ni ba malami ba ne, ban kuma taɓa hawa dandamali ba, shekaru dai na yi ina karatu ina kallo. Da izininku zan saɓa wa Malam a wuri ɗaya, in kuma ƙara wa Hajiya mai ba da umarni a wani.

Malam, iyakar da ka ja tsakanin tsohon salo da sabo ta yi kaifi da yawa. Ka tuna Macbeth na Shakespeare bayan mayu sun yi masa albishir da sarauta. Yana tsaye a tsakiyar abokansa ya nutse cikin tunanin kisan da bai ma yarda ya kira sunansa ba, tsigar jikinsa tana tashi, har Banquo ya ce wa sauran su dubi yadda abokinsu ya tafi wata duniya. Wannan ba jawabi ne ga 'yan kallo ba, kuma mai yin sa bai gama sanin kansa ba. Ashe abin da ka ba O'Neill, Shakespeare ya taɓa shi, sai dai bai mai da shi doka ta wasa guda ba.

Babban abin da nake gani kuwa shi ne, duk mun ɗauka cewa tunani kalmomi ne. Ni idan tsoro ya kama ni ba jimla nake ji ba, bugun ƙirji nake ji, da wata tsohuwar fuska da ta faɗo mini ba tare da na kira ta ba. Marubutan da suka fi burge ni su ne waɗanda suka mai da dandamalin kansa ya zama cikin kan mutum. Strindberg ya rubuta *A Dream Play* a 1901, aka nuna shi a 1907, kuma a cikinsa wuri yana narkewa ya zama wani wuri, mutum ya tsufa yana tsaye a bakin ƙofa ɗaya yana jiran mace da furanni a hannu, domin ƙa'idar mafarki ake bi. Nikolai Evreinov na Rasha ya yi kira a 1909 da a nuna wa ɗan kallo duniya yadda jarumin yake ganinta, a 1912 kuma ya shirya wani gajeren wasa a birnin Petersburg wanda dandamalinsa ƙirjin mutum ne, ga zuciya tana bugawa, ga huhu, ga hankali da sha'awa sun fito a matsayin mutane biyu suna rigima kan mata da farka.

O'Neill ɗin ma, a ganina, ya fi dacewa a *The Emperor Jones* na 1920 fiye da wasan da ake magana a kai. Brutus Jones, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya naɗa kansa sarki a wani tsibiri na yankin Karebiyan, yana gudu cikin daji da dare bayan talakawansa sun yi masa tawaye. Marubucin ya umarta a fara kaɗa ganga daga nesa sau 72 a minti, daidai da bugun zuciyar mai lafiya, a riƙa ƙara sauri har ƙarshe. Ɗan kallo ba ya bukatar a gaya masa Jones ya firgita, ƙirjinsa ne yake bin gangar. Abubuwan da ke cikin kan Jones kuma suna fitowa a gabanmu: mutumin da ya kashe a wurin caca, gandirobar da ya kashe a gidan yari, kasuwar bayi, cikin jirgin bayi. Wasan yana da aibinsa wajen yadda ya siffanta baƙar fata, kuma Charles Gilpin da ya fara fitowa a matsayin Jones ya yi ta sauya kalmomin cin mutunci da ke ciki har suka saɓa da marubucin, amma dabarar gangar ba ta tsufa ba. Arthur Miller ya bi wannan sawu a 1949 da *Death of a Salesman*, wanda sunan da ya fara raɗa masa yana nufin cikin kan mutumin. Jarumin wasan, Willy Loman, yana buga kati da maƙwabcinsa, yayansa da ya mutu ya shigo, yana amsa wa mai rai da matacce a lokaci guda, maƙwabcin ya rasa gane da wa ake magana.

Akwai kuma hanya mafi arha, wato a ba mai magana wanda zai saurare shi ba ya amsawa. A *The Stronger* na Strindberg mace ɗaya ce take magana daga farko har ƙarshe, ɗayar tana zaune ba ta ce uffan ba, kuma a cikin surutun nata ne mai maganar ta gano cewa wadda ke gabanta ta taɓa zama masoyiyar mijinta. Jean Cocteau ya yi irin wannan a birnin Paris a 1930 da mace ɗaya da wayar tarho.

Ɗalibar Adabi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, misalin Macbeth ya sa na koma na buɗe littafin, kuma haka abin yake. Yaya mai ba da umarni, labarin jaridar nan ya amsa mini abin da sharhi uku ba su amsa ba.

Saura abu ɗaya. Na lura cewa duk hanyoyin da kuka yaba suna da mutum na biyu a ciki: Maggie tana da Margaret, matar da ke surutu tana da mai shiru, mai tarho tana da wanda ke ɗaya gefen, Jones ma yana da fatalwowinsa. Nina ce kaɗai take magana babu mai ji, kuma ita ce ta fi ba da wahala. Shin hakan yana nufin dandamali ba ya karɓar tunani sai an nema masa abokin magana? Idan haka ne, ina za a sa Samuel Beckett, wanda na ji ana cewa ya bar mutum ɗaya tilo, har ma ya rage shi zuwa baki kawai?

Malamin Nazari:

Na karɓi gyaran Baba game da Macbeth, ya fi ni gaskiya a nan. Malama, abin da kika lura da shi haka yake, kuma Beckett bai karya shi ba, ya dai nemo abokin maganar a inda ba a zata ba.

A *Krapp's Last Tape*, wanda aka fara nunawa a London a 1958, tsoho ne ɗan shekara 69 zaune da na'urar ɗaukar magana, yana sauraron faifan da ya ɗauka yana da shekara 39. Mutum ɗaya ne a dandamali amma murya biyu ce, kuma ba sa jituwa. Muryar ƙuruciyar ta yi amfani da wata kalma da tsohon ya manta ma'anarta, sai ya tashi ya ɗauko ƙamus ya duba. Da muryar ta fara ba da labarin wani babban haske da ya buɗe mata game da aikin rayuwarta, sai tsohon ya ƙosa ya tura faifan gaba, yana neman wurin da ake maganar wata mace a cikin kwalekwale, ya saurara, ya mayar baya ya sake saurara. Damuwar Hajiya ta cewa kalmomi suna ƙwace aikin fuska ba ta taso ba a nan, domin na'ura ce take magana, ɗan wasan kuma aikinsa sauraro, fuskarsa a sake take ta yi duk abin da ta iya.

*Not I* na 1972 shi ne wanda kika ji labari. Dandamali duhu ne ƙirin, sai baki ɗaya da aka haska, yana rataye kimanin ƙafa takwas daga ƙasa, yana zubo magana da saurin da kunne ba ya iya kama duka, har kusan minti 15. Billie Whitelaw, wadda ta yi shi a London a 1973, sai da aka ɗaure ta a kujera aka tokare mata kai don kada bakin ya kauce daga hasken. Ko a nan rubutun ya tanadi wani mai sauraro lulluɓe da doguwar riga a gefe, wanda ba ya cewa komai sai ɗaga hannuwa kaɗan, ko da yake an sha nuna wasan ba tare da shi ba. Amma ainihin abokin maganar wata murya ce da mu ba ma ji, wadda take katse bakin tana yi masa gyara. Bakin yana ba da labarin wata tsohuwa ’yar kimanin shekara 70 da ta yi rayuwarta kusan ba ta magana, sai rana ɗaya a cikin wani fili magana ta ɓalle mata. Muryar da ba ma ji tana matsa masa ya yarda cewa labarinsa ne, ya ce "ni", shi kuwa duk lokacin da aka zo nan sai ya tsaya, ya yi tambaya a firgice, ya ƙi, ya nace cewa "ita" ce.